Likitan da Ya Fi Cutar Haɗari

Kifin beta ɗan ƙaramin kifin ado ne, jikinsa bai cika wuce santimita 6 ko 7 ba, amma namijin yana jan jela da fikafikai masu launi har ka rantse rina su aka yi. Asalinsa ƙasar Tailan ce, wadda a da ake kira Siyam. A can yana zaune a gonakin shinkafa da fadamu da kududdufai marasa zurfi, inda ruwa yake da ɗumi duk shekara, yana farautar tsutsar sauro da ƙananan ƙwari. Mutanen ƙasar sun daɗe suna kiwonsa don su haɗa mazan faɗa, daga baya kuma aka koma kiwonsa don kyau, har a shekarar 2019 gwamnati ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye idan ya leƙo saman ruwa. Shi ya sa yake jure zama a inda wani kifin ba zai kwana ba, shi ya sa kuma masu sayarwa suke ce maka ba ya mutuwa.

Haka aka ce mini ranar da na sayo nawa a wani shago a Kaduna, shuɗi mai jan baki a jela, na kawo shi gida Zariya a cikin leda. Ban tambayi komai ba, domin ni a lokacin ba na ganin akwai abin da za a koya mini. Na yi kiwon kaji, na yi kiwon tattabaru, na taɓa turke rago tun daga azumi har layya. Wane ne kuma ɗan kifi? Na sa shi a cikin wata ƙwaryar gilashi da ba ta ci lita uku ba, na ɗora a kan kanta kusa da taga don baƙi su gani su yi santi. 'Yata Ummi ta sa masa suna Sarki.

Laifina na farko abinci ne, kuma da sunan ƙauna na aikata shi. Beta maroƙi ne na gaske. Da zarar ya hango inuwar mutum sai ya taso gaban gilashi yana rawar jiki, yana buɗe baki, kai ka ce tun da aka halicce shi bai taɓa cin komai ba. Ni kuma ba na iya wucewa. Zan fita masallaci, na barbaɗa masa. Na dawo, na barbaɗa. Baƙo ya zo, na barbaɗa don ya ga yadda yake cafkewa. Abincin irin busassun ƙwayoyin nan ne na cikin gwangwani, kuma ba na ƙirgawa, da yatsu biyu nake ɗiba. Maman Ummi ta yi magana tun da wuri.

"Baban Ummi, anya wannan ɗan abin yana da wurin zuba duk abin da kake ba shi?"

Na ce mata dabba ba ta cin abin da ya fi ƙarfin cikinta. Na faɗi haka da muryar masani, har da ɗaga yatsa.

Muna nan har hunturu ya sauka. Wanda ya san Zariya a watan Disamba da Janairu ya san sanyin asuba, lokacin da ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 15 kuma ruwan randa ya gagari alwala. Mun fito da barguna, mun saya wa yara rigunan sanyi, na toshe kafofin akurkin kaji da buhu. Kifin da kakanninsa suka fito daga ƙasar da ba ta san hunturu ba kuwa, na bar shi a bakin taga. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa kifi yana jin sanyi ba. Ai a ruwa yake, na ce, ya saba.

Wata safiya Ummi ta kira ni. Sarki yana kwance a saman ruwa a kan gefe ɗaya. Idan ya yunƙura ya nutsa, sai ya yi ƙasa kaɗan, jela ta ɗaga, ruwa ya sake tunkuɗo shi sama. Ƙasan wuyansa, daidai bayan kai, ya kumbura ya yi fari-fari. Idanunsa na nan garau, yana bina da kallo, har ma yana ƙoƙarin matsowa don roƙon abinci. Wannan duka bayani ne da zai ishi mai hankali. Ni abin da na karanta a ciki shi ne: yana jin yunwa, ba shi da ƙarfi. Sai na ƙara masa abinci.

Da abin ya ƙi, na ɗaura ɗamarar likitanci. Na fara da wanka. Na kamo shi da kofi, na zubar da ruwan gaba ɗaya, na wanke ƙwaryar da tsakuwoyin da soso har suna ƙyalli, na tara ruwan famfo mai sanyin ƙanƙara, na jefa shi ciki. Ya dunƙule fikafikansa, launinsa ya kwashe. Na ce alamar tsabta ce ta fara ratsa shi.

Sai na tuna na taɓa ji an ce ana yi wa kifi maganin kumburi da gishiri. Ban tsaya tambayar wane gishiri ba, ko nawa, ko har tsawon wane lokaci. Na shiga madafa na ɗebo na miya, cikin cokali, na zuba, na bar shi a ciki ya kwana. Wani kuma ya ce mini koren wake irin na soyayyar shinkafa yana warware cikin kifi. Na dafa, na ɓare, na marmasa, na watsa. Bai ci ba. Waken ya nutse ya kwanta a ƙasa tare da ragowar abinci, ruwa ya fara yin hazo.

Na ƙarshe shi ne wanda har yau nake jin kunyar faɗa. Duk mai kiwon kaji a ƙasar nan ya san ja-da-yalo, kafson nan da muke buɗewa mu zuba a ruwan sha idan kaza ta yi sanyi. Na aika aka sayo, na buɗe guda, na juye rabinsa a cikin ruwan da bai kai lita uku ba. Ruwan ya rine, kumfa ta taru a baki. Na tsaya na rungume hannu ina jiran a yi mini godiya. Kafin magariba Sarki ya daina bin kowa da kallo. Yana dai leƙo da baki yana jan iska da ƙyar, gefen jelarsa ya fara tsagewa.

Allah ya kawo ɗan ƙanwata, wanda ya karanta kiwon kifi kuma yake da tafkunan tarwaɗa a bayan gari. Gaisuwa ya zo yi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida gwaggonsa, sannan idonsa ya faɗa kan kanta. Ya daɗe bai ce komai ba. Yaro ne mai ladabi, ba zai ce wa kawunsa ya yi shirme ba, don haka sai ya bi ta hanyar tambaya.

"Kawu, me aka ba shi?"

Na lissafa masa, ina ɗan ƙawata labarin. Ya gyaɗa kai. Ya ɗauko ƙwaryar ya sauke ƙasa, ya haska fitilar wayarsa, ya leƙa kifin ta sama, ya daɗe yana dubawa.

"Alhamdu lillahi, ɓawon jikinsa a kwance yake. Kawu, ƙwaya nawa kake ba shi a rana?"

Na ce kaɗan. Ya ce don Allah in nuna masa yadda nake ɗiba. Na ɗiba da yatsu biyu kamar kullum, na zuba a tafin hannunsa. Ya roƙi gwaggonsa faranti, ya zuba ƙwayoyin, ya ɗiga musu ruwa, ya ce mu ɗan jira. Ya fita wurin babur ɗinsa ya dawo da ma'aunin zafi da yake auna tafkunansa da shi, ya tsoma a ruwan Sarki. Digiri 19.

Sannan ya turo mini farantin. Ƙwayoyin nan da na raina sun sha ruwa sun kumbura, sun yi laushi, sun haɗe sun zama ɗan curi. Ya ɗauki curin a bakin cokali ya kai shi jikin gilashi, daidai kan kifin. Curin ya fi kan Sarki girma. Ya ce masu kiwon beta sukan kwatanta girman tumbinsa da girman ƙwayar idonsa. Na dubi idon, na dubi cokalin. Wannan ɗiba ɗaya ce. Ni kuwa na san sau nawa nake wucewa ta gaban kantar nan a yini.

Babu wanda ya yi magana. Maman Ummi tana tsaye a bakin ƙofa, kuma don tana da kirki ba ta tuna mini komai ba, ta dai gyara mayafi ta koma ciki. Da ma ta yi magana da ya fi mini sauƙi. A tsaye a wurin na fara bin abin baya-baya, kowane mataki yana kawo ni wuri guda. Wa ya cusa masa abinci? Ni. Wa ya ajiye shi a bakin taga? Ni. Wa ya ga ciki a kumbure ya ƙara tura abinci a kai? Duk tsawon kwanakin nan ina farautar cuta, ina zargin mai shago, ina zargin ruwa, har na fara tunanin bakin mutane, alhali ko sau ɗaya ban sa sunana a cikin waɗanda ake tuhuma ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na gane cewa ba don kifin na yi yawancin maganin ba. Don kaina na yi. Ba na iya zama in ga abu yana wahala hannuna bai motsa ba, kuma kowane cokalin gishiri ni yake sanyaya wa zuciya. Sarki shi ya riƙa biyan kuɗin natsuwata.

Yaron ya zauna ya warware mini yadda abin yake. A cikin jikin kifi akwai wata 'yar jakar iska, ita ce take daidaita shi a ruwa, ya tsaya a inda yake so ba tare da ya nutse ko ya taso ba. A jikin beta jakar doguwa ce, ta bi ƙashin baya ta nufi jela, kayan cikinsa kuma duk a cushe suke a ɗan wurin da ke bayan kai. Idan hanji ya cika ya toshe, sai ya danne jakar, daidaito ya ɓaci. Wani kifin ya taso sama ya kasa nutsewa, wani ya kwanta a ƙasa ya kasa tasowa, wani ya riƙa iyo a karkace. Saboda haka lalacewar iyo alama ce kawai, kuma abubuwa da dama na kawo ta: cushewar ciki, sanyi, ƙazamin ruwa, ƙwayar cuta, rauni, wani ma da ita aka haife shi. Sanyi da cushewa kuwa tare suke tafiya. Jikin kifi ba ya haɗa ɗuminsa, zafin ruwa shi ne zafin jikinsa. Beta yana son digiri 25 zuwa 28. Idan ruwa ya yi sanyi, narkewar abinci sai ta ja baya, abin da ya ci ya zauna. Ni kuma ina ta ɗora sabo a kan tsoho.

Na tambaye shi me yake nema da ya leƙa ta sama. Ya ce akwai kumburi iri biyu, kuma duk wanda bai raba su ba bai kamata ya taɓa magani ba. Na cushewa yakan tsaya a gaba, ƙasan wuya, ɓawon jiki yana kwance, kifin yana da kuzari yana son abinci. Ɗayan kuwa ruwa ne yake taruwa a jiki saboda ƙoda ko wata gaɓar ta gaza. Jikin duka yake kumbura, ɓawon ya miƙe tsaye, idan ka duba ta sama sai ka gan shi kamar bayan abarba. Wannan da wuya kifi ya tashi, kuma shi ne yake bukatar wanda ya san aikin. Akwai kuma macen beta da cikinta kan cika da ƙwai, wadda lafiyarta ƙalau. Kashi ma yana ba da labari: dunƙulalle mai ruwan ƙasa alama ce ta hanji yana aiki, fari siriri mai jan zare kuma yakan nuna tsutsar ciki ko wata cuta.

Daga nan ya bi magunguna na ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, ya binne su. Canjin ruwa gaba ɗaya ya jefa kifin cikin sanyi farat ɗaya, ga sinadarin kulorin da ake sa wa ruwan famfo, wanda yake ƙona hanyar numfashin kifi. Wankin soso ya kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da suke zaune a jikin tsakuwa, waɗanda suke cinye gubar amoniya da kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci suke fitarwa. Gishirin da ake nufi sunansa gishirin Epsom, ana samunsa a kemis, kuma sinadarinsa daban yake da na miya: shi yana sassauta hanji, na miya ba ya yin haka, sai dai ya ƙara wa kifin ruwan daɗi wahala idan ya yi yawa. Ko na Epsom ɗin ma masu kiwo a wani mazubi daban suke jiƙa shi, kimanin cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, a tsoma kifin minti 10 zuwa 15 ana kallonsa, a mayar da shi. Koren wake dabara ce da aka aro daga masu kiwon kifin zinariya, wanda yake cin ganye. Beta maci nama ne. Kafso kuwa, ban san ko akwai ƙwayar cutar da zai kashe ba, ban san adadi ba, kuma abin da na tabbata ya kashe shi ne ragowar ƙwayoyin kirkin da soso ya bari.

"To yanzu me za a ba shi?" na tambaya.

"Kawu, ba za a ba shi komai ba."

Wannan ita ce takardar magani mafi wuya da aka taɓa rubuta mini. Azumi na kwana 2 zuwa 3, babu ko ƙwaya. Lafiyayyen beta yana iya wuce mako bai ci ba, don haka yunwar kwana uku ba ta kisa. Muka samo roba mai faɗi, muka zuba ruwan rijiya da aka surka har ya yi daidai da wanda yake ciki, muka mayar da shi a hankali. Muka rage zurfin ruwan don kada ya sha wahalar kaiwa sama, tunda dole ne ya shaƙi iska. Muka ɗauke shi daga taga zuwa ƙuryar ɗaki, muka naɗe robar da bargo. Ɗumin ma ya ce a hankali za a ɗaga shi, digiri ɗaya ko biyu a lokaci guda, domin gaggawar ɗumamawa ita ma illa ce. Da na sayo 'yar hita ta ruwa sai matsalar wuta ta taso, ya koya mini in cika gora da ruwan ɗumi, in rufe, in bar ta tana yawo a ciki idan an ɗauke. Kullum a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a mayar da sabo mai ɗumi iri ɗaya. Idan na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe ko a ɗiga maganin kashe kulorin. Ya tsinko busasshen ganyen itacen almon ɗin nan mai faɗin ganye da ake shukawa don inuwa, ya wanke ya jefa guda, ya ce masu kiwo a Tailan sun daɗe suna yin haka.

Kada mai karatu ya ɗauka na shiryu nan take. A cikin kwanakin azumin an kama ni tsaye a kan robar da gwangwani a hannu. Ummi ce ta kama ni.

"Abba, Yaya ya ce kar a ba shi."

Na ce dubawa nake yi ko abincin ya lalace. Ta karɓi gwangwanin ta kai wa uwarta ajiya, kuma daga ranar sai da izini nake ganinsa.

Da azumin ya cika muka ga ɗan dunƙulen kashi a ƙasan roba, kumburin ya sassauta. Ban taɓa zaton zan kira mutum a waya in yi masa albishir da kashin kifi ba, amma na yi. Buɗa-bakinsa tsutsar sauro ce 'yan kaɗan da muka tsamo daga wani tsohon bokiti muka ɗauraye. Inda ake samun dafniya, wasu mitsi-mitsin halittun ruwa masu ɓawo, su aka fi so, domin suna taimaka wa hanji. Sarki ya tashi. Jelar ta daɗe kafin ta haɗe, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ɗan karkata idan ya tsaya. Cushewar ciki da kwana uku za su warkar ba ta barin irin wannan tabo. Aikin hannuna ne.

Yanzu idan wani ya ce mini zai sayi beta, abin da nake faɗa masa gajere ne. Ka nemi akwatin gilashi da ya kai lita 20, domin ruwa mai yawa ya fi riƙe ɗumi kuma ya fi jinkirin ɓaci. Ka sayi ma'aunin zafi kafin ka sayi kayan ado. Ƙwaya 2 zuwa 4, safe da yamma, a ƙirge, mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, sannan a ware yini guda a mako babu abinci. Ranar da ka ga ya kumbura ko iyo ya karkace, ka auna zafi, ka duba ruwa, ka leƙa shi ta sama, ka tuna abin da ka ba shi jiya da shekaranjiya. Idan azumi da ɗumi da ruwa mai kyau ba su yi ba, ko ɓawo ya miƙe, ka nemi likitan dabbobi ko wanda ya san kifi, kada ka nufi madafa.

Na san abin da kake faɗa a ranka, cewa kai ba za ka taɓa zuba kafso a ƙwaryar kifi ba. Wataƙila. Amma ka tuna ragon da aka ɗura wa dusa ana gobe Sallah har cikinsa ya kumbura, da yaron da aka haɗa wa magani uku a dare ɗaya don zazzaɓi ya ƙi sauka kafin asuba. Masu yin haka ba mugaye ba ne, masu ƙauna ne da suka san abu kaɗan kuma suka kasa haƙuri. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Nawa ƙuƙumin a wuyan wani na ɗaura shi, wanda ba shi da bakin cewa ya isa. Kafin ka tambayi wane magani za ka ba marar lafiyar da ke hannunka, ka fara tambayar me kake yi masa da ya kamata ka daina.